Ranar Da Waƙafi Ya Shanye Ruwan Diffa

Kwana ɗaya cur na yi zaune bakin rijiyar burtsatse a wata gonar tattasai, gab da Komadugu Yobe, kogin da ya raba mu, mutanen Diffa, da Najeriya. Inji na zuƙar ruwa, ni kuma ina zura igiyar awo cikin rijiyar da ke gefe, in ta taɓa ruwa ta yi tsuwa, in rubuta zurfi da lokaci. Da fari minti-minti, can gaba awa-awa. Sauro ma sun yi nasu gwajin zuƙa, a ƙafata.

Mai gonar, wani dattijo Babarbare, ya miƙo mini shayi ya ce, "Yaro, ruwan nan zai kai jikokina?"

Na gyara wuyan riga. "Baba, kwamfuta za ta faɗa mana."

Da na koma gari na zuba lambobin cikin manhajar da ke ɗora awo bisa lissafin Theis na 1935, don a gane yadda ruwa ke ratsa yashi. Sai ta ce ruwan ya sauka mita 345. Rijiyar kuwa duka-duka mita 30 ce!

Kwana biyu ba wanda ban zarga ba: injin, igiyar, har shi Theis da ke kabari. Na koma hanyar Cooper da Jacob ta 1946, ita ma ta rantse a kan haka. Na jawo lambobin wani gwajin da na yi, wanda ake jefa bututu cike da siminti a rijiya a ga saurin komawar ruwa, abin ya ƙara dagulewa. Har na fara tsara yadda zan ce wa Baba ya sayar da gona ya nemi raƙuma a Ngigimi.

Ƙanwata ƴar lakwal ta kawo mini tuwo, ta leƙa allon.

"Yaya, kwamfutar taka da Ingilishi ka saita ta?"

"Me ya dame ki?"

"Ai su ɗigo suke sawa."

Na duba littafina: 3,45. Mita uku da ɗoriya ke nan, da waƙafi, yadda aka koya mana da Faransanci. Kwamfuta ta haɗiye waƙafin, ta bar ni da 345.

Na ce kada Inna ta ji. Ta ce jika biyu, kuma tuwon ma ba kyauta ba ne.