Mota Marar Hula

A majalisarmu ta Tukur-Tukur, gindin darbejiya, kowa injiniya ne, har wanda ko keke bai mallaka ba. Wani abokinmu ya sayo 'yar Kwatano mai buɗaɗɗen sama, wai zai sha iska. Ya manta hunturu ake yi. Kafin ya kai Ƙofar Doka ya yi furfura, yara na ce masa "sannu Baba".

Sai injin ya buga. Majalisa ta rabu biyu: matasa suka ce a dasa mata na Toyota, dattijonmu kuwa ya rantse tun Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ba a sake ƙera inji ba.

Wata uku ke nan ana musu. Kaji dai sun samu wurin saka ƙwai a kujerar baya.