Ranar da na ciyar da baƙi da kalangu

Turancin oga iri biyu ne: akwai wanda yake rubutawa, akwai kuma wanda yake jefo maka yana saɓa babbar riga zai shiga mota. Na biyun shi ke kashe ƙaramin ma'aikaci, don ba ka da bakin cewa a maimaita. Irinsa aka jefo mini a wani ofis a Kaduna, ina sabon ɗauka, ina ji da digirina.

Masu binciken kuɗi ne za su iso daga Abuja da hantsi, oga kuma an kira shi taron gaggawa. Ya miƙo mini ambulan mai kauri, ya ce, "Malam, ka yi entertaining ɗinsu kafin in dawo." Na ce, "An gama, Yallaɓai."

Ni a lokacin inda na san kalmar nan shi ne shafin jaridar ƙarshen mako, wanda ake cikawa da labarin 'yan fim da mawaƙa. Nishaɗi ke nan. Har na sara wa oga a zuciyata: mutumin da zai tona maka littafin kuɗi, ai dabara ce ka fara sa shi dariya. Baba masinja, wanda ya kama aiki a ofishin tun ina goye, ya matso ya ce, "Ɗan nan, in leƙa wurin mai abinci ne?" Na ce, "Baba, wannan harkar Turanci ce, bar mana kayanmu." Ya ce to, ya koma bencinsa.

Na tari acaɓa sai mahauta, don mai neman kalangu can zai dosa. Na samo makaɗi da yaronsa, shi kuma ya haɗa ni da wani ɗan kama. Muka yi ciniki, ambulan ta koma fayau.

Wanda bai san ɗan kama ba, sana'arsa ita ce ya ɗauki waƙar da kowa ya sani, ko salon wa'azi, ya juye su kan abinci. Baƙin nan kuwa tun asuba suka baro gida, ko shayi ba su kurɓa ba. Suna zaune a ɗakin taro, kowa da fayil a cinya, mutumin nan ya shiga yi wa tuwon shinkafa kirari, ya gangaro kan miyar taushe, ya yi wa man shanu addu'a. Babbansu yana ta duba agogo yana haɗiyar yawu. Wata a cikinsu ba ta jin Hausa, sai na tsaya a gefenta ina yi mata tafinta, kwano bayan kwano. Da na ga babu mai dariya, na ɗauka kunya ce irin ta manya, na ɗaga wa makaɗi hannu ya ƙara wuta.

Tun daga bakin get oga ya jiyo kiɗa. Ya shigo, ya dubi baƙi, ya dubi teburin da babu ko ledar ruwa, ya dube ni.

"Me suka ci?"

Na ce, "Yallaɓai, ai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma."

Ya ce, "Fuskar wa?"

Baba masinja ne ya fitar da mu kunya. Ashe tun da ya ga na hau acaɓa ya je ya ce wa mai abinci ta ɗora shinkafa da kaji, bashi.

Da dare na kakkaɓe ƙamus ɗin Oxford na Hornby, wanda rabona da shi tun sakandare. Kalma ɗaya ce take ɗauke da kayan da Bahaushe ya raba wa kalmomi daban-daban. Akwai karɓar baƙi da ci da sha, akwai ɗebe wa mutum kewa. Ɗan ƙaramin haɗi ne ma yakan raba gardama: Baturen Ingila in ya bi ta da "to" ya ambaci abincin dare, gayyatar ci ce, in ya bi ta da "with" ya ambaci labari ko waƙa, nishaɗi ne. In kuwa ya ce su a gidansu suna yawan yin ta, bai ambaci kowa ba, to girki yake nufi, ba rawa ba. Asalinta daga Faransanci ta shigo Turanci a wajen ƙarni na 15, kuma tushenta na Latin riƙewa yake nufi. To ni ma ai na riƙe su, har azahar.

Wannan hujjar na shirya tsaf a takarda, da Turanci mai nauyi, ina roƙon kada a cire kuɗin daga albashina tunda umarnin mai harshen damo ne. Takardar ta dawo da jan biro a gefe, ga kalmar nan kuma, wannan karon da "cannot be" a gabanta. Raina ya ɗan yi sanyi, na ce ai ni ban nemi a yi mini kiɗa ba. Sai da Baba ya leƙo ya ce, "Ɗan nan, cewa aka yi ba za a ma saurare ka ba." Ma'ana ta uku ke nan, ta alƙalai da ofisoshi, wadda ake ji in kotu ta ce ba ta da hurumin sauraron ƙara, ko a rubuta a allon sanarwa cewa ba a karɓar koke bayan ranar kaza. Tana nan a ƙamus ɗin, ƙasa kaɗan da inda na tsaya da karatu.

An cire kuɗin kaɗan-kaɗan har suka cika. Har na bar ofishin Sarkin Kiɗa ake kirana, kuma a rahoton masu binciken an sa tambaya a kan kuɗin kalangu, saboda babu rasit.