Takarda daga Gidigir zuwa ga Filafilin Goshin Jirgi

Takarda ta fito daga hannun manoman dabino da masu haƙar kanwa na Gidigir, garin da ke bakin titin Damagaram zuwa Gure, zuwa ga mai girma Filafilin Goshi, wato babban ƙyallen nan mai kusurwa uku da ake ɗaurawa a gaban jirgin ruwa domin iska ta tura shi. Gaisuwa mai yawa da ban girma.

Bayan haka, masu takarda sun san za a tambayi abin da ya haɗa mutanen tudun rairayi da harkar jirgi, alhali Nijar ba ta da bakin teku ko na taki ɗaya. Hujjarsu ita ce a Dufuna ta Jihar Yobe, maƙwabciyarsu, aka gano kwalekwale mai shekara kusan 8,000 a 1987, sannan iskar hunturu ta daɗe da sanar da su yadda take wahalar da mai kayan kara.

Labari ya iso cewa mai girma yakan ƙi naɗuwa daidai lokacin da hadari ya taso. Ga al'ada, ana naɗe shi ne kamar tabarma a jikin wani dogon bututu da ya lulluɓe wayar da ke riƙe da turken jirgi ta gaba. A gindin bututun akwai ganga mai ɗaukar igiya, a samansa kuma akwai majuyi, wato ƙarfen da ke barin ƙyalle ya juya ba tare da igiyar da ta ɗaga shi ta juya ba.

Dattawa sun zauna a kan ƙarar, suka gano cewa yawancin laifin na matuƙa ne. Idan majuyi ya tsaya nesa da ƙololuwar turke, ko igiyar ɗagawa ta kwanta daidai da bututu, sai ta nannaɗe shi ta shaƙe, kuma maganin wannan shi ne a ɗaga majuyin, a kuma karkatar da igiyar da ɗan zobe a jikin turke. Idan aka saki ƙyalle ya buɗe da gudu ba tare da an ɗan riƙe igiyar ganga ba, sai zagaye ya hau kan zagaye ya sarƙe. A iska mai ƙarfi kuwa naɗin yakan matse fiye da kullum, igiya ta ƙare alhali da sauran ƙyalle a waje, don haka ake barin rarar zagaye a kan ganga. Gishirin teku da ƙura sukan daskarar da 'yan ƙwallayen da ke cikin majuyi, waɗanda ruwan daɗi ke wankewa, kuma wayar gaba idan ta yi sako-sako takan lanƙwasa bututu ya ƙi juyawa.

Saboda haka an yanke cewa matuƙin da ya ji tirjiya ya fara ɗaga kai ya dubi sama, ya sassauta igiyar da ke jan ƙyalle, ya juya jirgi iska ta biyo bayansa har babban filafili ya kare na goshi, kada ya ɗora igiyar ganga a kan injin ja ya yi ta murɗawa, domin ƙarfin tsiya yana iya tsinke wayar, turke ya faɗo a kan jama'a.

An wanke mai girma daga zargi, amma ana roƙonsa ya rage fushi. Ranar da rana ta cinye zarensa aka sallame shi daga aiki, kasuwar Gidigir tana neman rumfa, kuma masu dabino sun yi alkawarin ba wanda zai ce masa ya naɗu.

Haza wassalam.