Masu Bin Bashi a Teburin Mai Shayi

A Kafanchan kowa bashi yake bi. Na gano haka ne a teburin wani mai shayi da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, inda ake haɗuwa bayan magariba: Bajju da Atyap, Bahaushe da Bafulatani, mutumin Kagoro, har da ɗan Ibo wanda aikin reluwe ya kawo kakansa. Da Hausa ake rigimar duka, har wanda ke kukan Hausa ta cinye masa harshen uwa.

Wanda ke fara zuwa shi ne Mai Tarihi. Ka ce masa sukari ya yi tsada, sai ya gyara zama ya ce ai maganar ta samo asali tun lokacin da mahayan Zazzau ke kawo farmakin kamun bayi a gindin duwatsun nan. Kafin shayinka ya huce ya wuce rikicin 1987 na Kwalejin Ilimi, ya isa Zangon Kataf a 1992. Kuskure ka ce “Kaje” ko “Jaba” a gabansa, ranar sai ka yi aji: Bajju ake cewa, Ham ake cewa. Yana da tagwai a ɗaya gefen bencin, wanda shi kuma ba ya kwana bai tuna wa jama'a cewa kakanninsa na masarautar Jama'a tun farkon ƙarni na 19 ba. “Shekara ɗari biyu ina baƙo? To yaushe zan sauke kaya?” Shekara da shekaru suna wannan, ba wanda ya matsa ko taku ɗaya. Abin da ban gane ba, ranar da ɗaya bai zo ba, ɗayan ne ke aika yaro ya dubo ko lafiya.

Sai Lauyan Diyya. Bai taɓa taka ƙofar makarantar lauyoyi ba, amma shari'ar baƙar fata da Turawa a aljihunsa take. Kuma in gaskiya za a faɗa, yana da abin faɗi. Zai gaya maka a 1833 da Ingila ta haramta bauta a yawancin ƙasashen da take mulka, fam miliyan 20 ta ware, ba don bayin ba, don iyayen gijinsu. Zai ce a 2013 ta biya tsofaffin Kenya 5,228 da aka azabtar zamanin Mau Mau fam miliyan 19.9. Zai kawo taron diyya da aka yi a Abuja a 1993 da ƙoƙarin marigayi Abiola. Daga nan ne motar ke ƙwacewa, don ya riga ya raba kuɗin da ba a ma yi alkawarinsu ba, ya fitar da kasonsa, ya zaɓi fili a hanyar Kagoro.

Wata rana Mai Tarihi ya tare shi: “Barista, in Bature ya biya, na Zazzau fa wa zai biya?” Kafin ya amsa, wani da bai cika magana ba ya ce shi ba Bature yake jira ba, shagonsa da aka ƙone bayan zaɓen 2011 yake tambaya, tun kwamitin Sheikh Ahmed Lemu. Na kusa da shi ya ce shi ma gidansu a ƙauye. Nan teburin ya yi tsit, ba ka jin komai sai cokali a kofi. Diyyar da ke hayin teku daɗin hira gare ta. Ta cikin unguwa kuwa, kowa ya san sunan wanda aka binne.

Akanta Janar ne ke ceton majalisa a irin wannan lokaci. Kasafin kuɗi a kansa yake kamar hadda. Tun da Gwamna Uba Sani ya faɗa a watan Maris na 2024 cewa ya gaji bashin dala miliyan 587, bawan Allahn nan bai huta ba. Ya mayar da su naira, ya mayar da nairar buhunan citta, ya ce in aka jera su daga Kachia za su wuce Kano. Ba wanda ya taɓa aunawa. Tambayarsa ta kullum ita ce ina kuɗin tallafin man da aka cire ranar 29 ga Mayu, 2023, kuma ni yake kallo in yana yi, kamar a gidana aka ajiye su.

Mai ba shi amsa Sojan Baka ne. Bakinsa cike da jami'ar tarayya ta Kachia da asibitin tarayya na Kafanchan, sai ka rantse da kuɗinsa aka yi. Na san shi zamanin Yakowa, na san shi zamanin El-Rufai. Hula kawai yake sauyawa. Akwai kuma Mai Jiha: zazzaɓi, rashin wuta, cutar da ta cinye citta a 2023, duk maganinsu a ƙirƙiro Jihar Gurara. Ka tambaye shi ina babban birnin zai zauna, ka ja da baya.

A ƙarshen benci Baba ke zama, da fayil cikin baƙar leda. Shekara 35 ya yi yana riƙe alli. Shi kaɗai ne a teburin bashinsa ke da lamba da hatimi da sa hannu, kuma shi kaɗai ba a bari ya kai ƙarshen zance. Ya fara cewa ya dawo daga tantancewa a Kaduna, inda ya kwana biyu yana tabbatar wa wani yaro sa'an jikansa cewa yana raye, sai Akanta ya katse shi da dokar fansho ta 2004 da gyaran 2014, ma'aikaci kashi 8, mai ɗaukar aiki kashi 10. Barista ya ce ai an ɗaure Maina shekara takwas a 2021 kan kuɗin fansho. Sojan Baka ya ce a ƙara haƙuri, an kafa kwamiti. Mai Tarihi ya tambayi wace ƙabila ce mai riƙe da fayil ɗin.

“Ban tambaye shi ba,” in ji Baba. “Garatutina na tambaya.”

Wajen ƙarfe tara mai shayi ya jawo littafinsa mai maiƙo ya lashi yatsa. Nan take Barista ya tuna ana jiransa, Akanta ya ce ba canji a jikinsa, tagwayen tarihi suka miƙe tare, a karo na farko bakinsu ɗaya. Baba ya kwance bakin ledarsa, ya zaro naira ɗari biyu da ta sha ninki, ya shimfiɗa ta a kan tebur ya goge da tafin hannu.

“Na rabin kofi ne, ɗana. Ba madara.”