Ƙungiyar "Sai Na Gama Shiri"

Kowace majalisa tana da nata gwanin. Shi ne ya fi kowa sanin kiwon kaji, amma ko ɗan tsako bai taɓa saya ba. Ka ce masa, "Yallaɓai, ina maganar gona?" sai ya gyara hula ya ce, "Ai ni ba na yin abu rabi da rabi." Sai an samu fili mai katanga, da rijiyar burtsatse, da sola, da likitan dabbobi nasa na kansa. Sunan kamfani ma ya zaɓa tun mulkin Obasanjo. Launin tambarin ne har yau bai kwanta masa ba.

Maƙwabcinsa kuwa ya zuba 'yan tsaki hamsin a soro, ya kunna musu gawayi. Sanyi ya kwashe goma, mage ta yi gaba da uku. Ranar nan gwaninmu har da sayen shayi ga jama'a. "Ban faɗa ba? Rashin tsari!" Da sallah ta zo, wajen maƙwabcin ya karɓi kaji biyu, bashi.

Ni a ganina ba son inganci ke damunsa ba, tsoron dariya ne. Ya san irin tsiyar da ake yi wa wanda ya faɗi, domin shi ne shugaban masu yin ta. Abin da ba a fara ba kuwa, ba mai ganin aibinsa.

Har Dangote bai tsira daga bakinsa ba. A 2013 aka sanar da shirin matatar mai, aka yi ta ɗage ranar kammalawa, sai a Mayun 2023 aka ƙaddamar da ita a Lekki, fetur kuma bai fito ba sai Satumbar 2024. Matata mai tace ganga 650,000 a rana, amma mutuminmu, yana kan benci da bashin mai shayi a wuyansa, ya ce da shi ne da tuni an wuce wurin.

Maganar aure ma haka take. Wannan ta cika tsawo, waccan tuwonta da gudaji. Kwanan baya mahaifiyarsa ta sake tuntuɓarsa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ana kan bincike."

Ta ce, "To Allah ya taimaka. Wadda ka ce ta cika dariya dai, jiya aka kawo lefen 'yarta."