Mas'alar Auna Gumin Ma'aikata

Daga cikin bidi'o'in da zamani ya shigo da su ofisoshinmu, waɗanda manya suka karɓa hannu bibbiyu ba tare da sun nemi fatawar kowa ba, akwai wadda ake kira auna aiki, watau a raba wa kowane ma'aikaci fom ya rubuta sa'o'in da ya ɓatar da abin da ya aikata a cikinsu, domin a gane sashen da kaya suka yi wa yawa da wanda ke zaman hamma, a daidaita tsakaninsu bisa adalci. Niyya dai kyakkyawa ce, kuma ba mu da ja a kan niyya.

Asalin abin daga Amurka ya fito, wajen wani injiniya mai suna Frederick Taylor, wanda ya wallafa littafinsa a 1911 bayan ya daɗe yana tsayawa a kan leburori da agogo a hannu a masana'antar ƙarfe ta Bethlehem, har ya yi iƙirarin cewa mutumin da ke loda tan 12 da rabi na ƙarfe a yini ya koma loda tan 47. To, shi ƙarfe ana aza shi a sikeli, ba ya kuma iya rantsuwa. Amma da wane mizani za a auna akawun da ya dafe goshi tun hantsi yana duban fayil guda, alhali shi kansa ba zai iya shaida ba ko nazari yake yi ko gyangyaɗi?

Abin da masu fom ba su sani ba shi ne, ma'aikatanmu sun daɗe da yin ijma'i, ba tare da an zauna taro ba, cewa aikin ofis farillar kifaya ce, idan mutum guda ya tsaya da ita ta sauka daga wuyan saura. A kowane sashe kuwa Allah ba ya hana a sami wannan mutum guda. Za ka gan shi can lungu kusa da kabad, inda fanka ba ta kaiwa, fayiloli sun yi masa katanga har hularsa kaɗai ake hange. Shi ya san inda takardar bara take, shi ke gyara lissafin da wani ya ɓata, shi ake aika wa masinja da ƙarfe huɗu saura kwata a ce oga yana so yau-yau. Laifinsa guda, ranar da ya kama aiki aka ba shi wasiƙa ya rubuta, ya gama ta kafin azahar, kuma tun daga ranar bai sake ganin saman teburinsa ba.

Sauran jama'a kuma kowa da fannin da ya ƙware. Akwai mai rataye babbar riga a bayan kujera, ya ajiye tabarau a kan buɗaɗɗen fayil, ya tafi kasuwar 'yan gwanjo, duk wanda ya zo sai a ce masa, "Yanzun nan ya ɗan zaga, ga ma rigarsa." Akwai mai yawo da takarda guda a hannu daga bene zuwa bene, yana sauri yana tsaki, wanda in ka karɓi takardar ka duba sai ka tarar ta kuɗin adashi ce. Akwai kuma shehin gaisuwa, wanda ba ya fara aiki sai ya bi ofis-ofis ya tambayi iyali da gajiya da ruwan jiya, kafin ya kammala an kira salla, bayan salla kuwa ai ba a barin abinci ya huce.

Ranar da fom ya iso, waɗannan bayin Allah su suka fi kowa murna, domin a ƙarshe an ba su aikin da suka iya. Mai riga ya rubuta sa'a takwas cif, tun da rigar ba ta motsa ba. Shehin gaisuwa ya rubuta "tuntuɓar sassa," sa'a uku. Mutumin lungu kuwa, da yake albashin watan yake haɗawa, ya tura fom ɗinsa ƙarƙashin fayil da niyyar cikawa in ya sami sarari, sararin da bai samu ba tun zamanin tafireta.

Kada mai karatu ya zaci cutar tamu ce mu kaɗai. Wani masanin tarihi Bature, Northcote Parkinson, ya rubuta a 1955 cewa aiki yakan kumbura ne har ya cika lokacin da aka ba shi, ya kuma kafa hujja da ma'aikatar jiragen ruwan yaƙin Ingila, inda manyan jirage suka ragu daga 62 a 1914 zuwa 20 a 1928, amma jami'an ofis suka ƙaru daga 2,000 zuwa 3,569. Ofishin da ke kula da ƙasashen mulkin mallaka, wanda mu ma a ƙarƙashinsa muke a lokacin, ya tashi daga mutum 372 a 1935 zuwa 1,661 a 1954. Ashe gadon muka ci, muka kuma riƙe shi da amana. Mu ma an gwada yi mana magani: hukumar Udoji ta kawo rahotonta a 1974 cike da shawarwarin gyaran aiki, amma tambayi duk dattijon da ya ga lokacin, abin da zai tuna maka shi ne ƙarin albashi da ariyas da sabon babur.

Da aka tattara fom, sai aka naɗa kwamiti, kwamiti ya yi zama da shayi da alawus, kwamfuta ta zana taswira mai ja da kore, aka gano cewa kowa a ofishin nan yana aiki fiye da ƙima in ban da mutum guda da ko fom bai iya cikawa ba. Oga ya kira shi ya ce, "Malam, alƙaluma sun nuna kana da sarari." Ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Aka kwaso fayilolin mai riga aka ƙara masa, don a sauƙaƙa wa wanda ya jigata.

Saboda haka muna roƙon shugabannin ofisoshi, in da gaske ana son sanin mai ɗauke da kayan, a ajiye fom a ba mutumin lungu hutun mako guda, a zauna a ga sassa nawa za su tsaya cik. Sai dai a yi wa Allah kada a sa hutun a ƙarshen wata, domin har albashin oga a hannunsa yake.