Mu da Littattafan Soyayya: Sai Iyaye Sun Sa Albarka

Mu a unguwar nan ba mu iya karanta littafin soyayya mu yi shiru ba. Idan yarinya ɗaya ta karanta, to gida biyar ne suka karanta, domin kafin la'asar labarin ya tsallake katanga. A wurin kitso ake zaman shari'arsa. Mai kitso tana tsaga kai da tsinke tana yanke hukunci, wadda ake wa kitson tana son ɗagowa ta yi musu ana danne mata kai, gwaggo kuwa da ba ta karatun boko tana gefe tana tsinke zogale tana cewa, "Ke 'yar nan, koma baya kaɗan, me uban ya ce?"

Wannan tambaya ta gwaggo ita ce tambayarmu duka. Masu kallonmu daga nesa suna zaton kalaman saurayi da budurwa ne suke riƙe mu. Muna jin daɗinsu, ba ƙarya. Amma abin da ke hana mu barci shi ne iyaye. Shin Baba zai sauko? Kaka za ta janye rantsuwarta? Uwa za ta iya buɗe baki a gaban dangin miji? A wurinmu yaro da yarinya su so juna abu ne mai sauƙi, shafi goma ya isa. Sauran littafi na ɗaya da na biyu da na uku duk na neman yardar gida ne.

Ku tuna In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991. Sumayya 'yar masu hali ta kafe sai Muhammad talaka, ga Abdulƙadir mai dukiya ana tura mata shi, har ta kai ta faɗa rijiya. Yayyenmu da suka karanta shi yana sabo har yau idan aka ambaci rijiyar nan sai sun yi salati. Amma ku saurari hirarsu da kyau. Ba wadda ke cewa da ma su biyun sun gudu Legas sun yi aurensu. Abin da ake ta nanatawa shi ne, me ya sa manya suka bari abu ya kai haka? Muna bayan yarinyar ɗari bisa ɗari, kuma muna so ta samu wanda take so a ɗaura a ƙofar gidan ubanta, da waliyyi da goro da 'yan kai amarya. Duka biyun muke so, ba ma sakin ko ɗaya. Wani zai ce buri ya yi yawa. Ni dai ban ga laifin wannan buri ba, da shi aka raine mu.

Tun kafin nan ma Hafsat Abdulwaheed ta share hanya da So Aljannar Duniya, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, labarin 'yar Fulani da ta so wanda ba ɗan ƙabilarsu ba. Can ma dangi ne tsaunin da za a hau.

Inda muka fi daɗewa muna kai ruwa rana shi ne littattafan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala. Ita da kanta an yi mata aure tana ƙarama, don haka da ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? ba ji ta yi a bakin wani ba. A littafin, wata yarinya mai suna Abu da aka cire daga makaranta aka aura wa tsoho, ta gudu wurin 'yar'uwar iyayenta ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ku lura, ko gudun ma cikin dangi ta yi shi. Sai kuma Alhaki Kwikwiyo Ne, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Rabi da 'ya'yanta tara, mijinta Alhaji Abdu ya kore su saboda amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe yaranta, daga baya duniya ta juya masa baya aka taru a kanta ta koma. A nan unguwa ke rabewa biyu. 'Yan mata su ce, "Wallahi Anti, da ni ce ba inda zan koma." Masu shekaru su ce, "Ba ki haihu ba ne, yarinya." Ni zuciyata tana tare da 'yan matan, domin matar da ta tsaya da ƙafarta bai kamata a sake ɗora mata kayan wanda ya wulaƙanta ta ba. Duk da haka idan Inna ta fara lissafa aurarrakin 'ya'ya da ke gaba da abin da surukai za su ce, sai in ga ita ma ba son zuciya take faɗa ba.

Mazanmu fa? A majalisa za su ce karatun mata ne. Amma sau nawa aka nemi littafi na biyu aka rasa, sai ga shi a ɗakin samari na soro, an naɗe kusurwar shafi?

An sha yi wa littattafan nan tsangwama. A 2007 har ƙona wasu aka yi a Kano a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, da sunan gyaran tarbiyya. Mu ma muna da waɗanda ba ma bari su kwana a gida, kuma mun san su. Sai dai mun san yaran da suka iya karatun Hausa a dalilin littafin haya, wanda aka lulluɓe bangonsa da takardar jarida, gefensa ya yi baƙi da hannaye, wani lokacin shafin ƙarshe ya yage sai an bi maƙwabta a ji yadda aka ƙare.

Yanzu abin ya koma waya. Marubuciya tana sakin shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, a biya kuɗi a shiga zaure, waɗanda idonsu ya yi rauni kuma su kunna na saurare a YouTube suna wanke-wanke. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, ta ƙara fito da mata masu alƙalami. Labaran sun sauya kaya: jarumin yanzu likita ne ko soja, jarumar tana jami'a, wata ma tana da shagonta. Amma kwanan baya an turo mana wani da aka cika shi da motoci da tafiye-tafiye Dubai, babu uwa, babu gwaggo, babu ko ƙanin uba da za a aika neman aure. Ba mu kai rabi ba muka bar shi. Ƙanwata ta rubuta wa marubuciyar a zauren cewa, "Anti, don Allah yarinyar nan ba ta da kowa ne?" Mata da dama suka mara mata baya, kuma a shafukan da suka biyo sai ga kakar jarumar ta iso daga ƙauye da ƙullin daddawa da maganganu a bakinta.